Daga Maiduguri Zuwa Rann: Kusa A Sama, Nesa A Ƙasa

Makon nan lissafi za mu yi, amma kada kowa ya razana, ba irin na ɗakin jarrabawa ba ne. Tambaya ɗaya ce tak: ga mutumin da ke zaune a unguwar Abbaganaram cikin birnin Maiduguri, tsakanin Jidda ta ƙasar Makka da garin Rann na Ƙaramar Hukumar Kala-Balge, wanne ya fi nisa? Ɗan makaranta zai ɗauko taswira ya ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, Jidda tana wajen kilomita 3,000, Rann kuwa kilomita 150 ne kacal a miƙe. Ya yi gaskiya. Amma alhajin da jirginsa ya tashi daga Maiduguri da hantsi, kafin la'asar ya sauka Jidda, don tafiyar kamar awa 4 ce. Wanda kuwa aka aiko masa cikin watan Agusta cewa mahaifiyarsa tana kwance a Rann, sai ya yi kwana da kwanaki yana neman hanya, watakila ma bai samu ba sai ruwa ya janye.

Bari mu fara da yadda matuƙan jirgin sama suke auna nisa, don mutane da yawa suna zaton irin awon da direban mota ke yi ne. Su ba ruwansu da kwana ko gada ko shingen bincike. Abin da suke aunawa shi ne layi mafi gajarta tsakanin wuri biyu a bayan ƙasa, kamar dai mutum ya ɗauki zare ya miƙe shi a jikin ƙwallo. Masana sun raba duniya da layuka, kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Maiduguri tana ɗan ƙasa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Malam Fatori kuwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Abadam da ke kan iyakar Nijar, ta haura digiri 13 da rabi. Da yake kusan arewa sak take da Maiduguri, ko da fensir mutum ya lissafa zai ga tsakaninsu kamar kilomita 200 ne. Har wa yau matuƙa suna da nasu mil dabam, wanda suka aro daga masu jirgin ruwa, tsawonsa mita 1,852. Saboda haka in an ji matuƙi ya ce saura mil 100, to, yana nufin kilomita 185 ke nan.

Da wannan awo, daga Ikko zuwa Maiduguri kamar kilomita 1,230 ne, a mota kuwa sai an haura 1,500. Daga Abuja kilomita 700 ne da ɗan ɗori, daga Kano kuma wajen 500. Jirgin fasinja irin na yanzu yakan yi gudun kilomita 800 ko fi a awa in ya daidaita a sama, amma fa sai an haɗa da lokacin hawa da na sauka, shi ya sa tafiyar Abuja takan ci awa ɗaya da 'yan mintoci, ta Ikko kuma kusan awa 2 in babu yada zango. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba kuma, Injamena, babban birnin Cadi, kilomita 200 ne da 'yan kai daga Maiduguri, watau ta fi Kano kusa sau biyu da wani abu, ta fi Abuja sau uku.

To, mu juya arewa da gabas cikin Jihar Barno. Monguno kilomita 100 ne da 'yan kai a miƙe, a kan titi kuma wajen 140. Baga ta bakin Tafkin Cadi, da Damasak ta bakin kogin Yobe, da Rann ta kan iyakar Kamaru, kowacce tsakanin kilomita 150 ne zuwa 160 a miƙe, ko a kan titi ma babu wadda ta wuce 200. Jirgi mai saukar ungulu yakan yi kamar kilomita 200 a awa, watau rabin awa ya isa Monguno, minti 45 zuwa 50 ya isa sauran. In titi yana da kyau kuma hankali yana kwance, tafiyar da ba ta wuce awa 3 ba ce a mota. Wannan shi ne lissafin takarda, kuma babu ƙarya a cikinsa ko ɗaya.

Tarihi ya nuna mana cewa Maiduguri ta daɗe da sanin wannan bambanci, don jirgin sama ya riga na ƙasa zuwa garin da kusan shekara 40. A ƙarshen watan Oktoba na 1925 jirage 3 na mayaƙan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin wani hafsa Arthur Coningham, suka biyo ta Hartum da Fort Lamy, watau Injamena ta yau, da Maiduguri, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. Su ne jiragen sama na farko da aka gani a Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, Maiduguri tana cikin zangunansa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1940, Turawa suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Sudan da Masar. Dubban jirage suka bi ta nan. Jirgin ƙasa kuwa bai iso Maiduguri ba sai 1964. Watau tun farko an buɗe hanyar sama ne don biyan bukatar masu mulki da masu yaƙi, talaka kuwa ya ci gaba da bin jakinsa da raƙuminsa, daga baya ya samu kwancen roka.

Kuma kada mu manta, garuruwan nan da muke kira lungu a yau, a da su ne tsakiya. Kukawa, wadda ke kan hanyar Baga, Shehu Muhammadu El-Kanemi ne ya kafa ta a 1814, ta zama babban birnin Barno har Rabeh ya rushe ta a 1893. Ayarin fatake daga Tarabulus can suke sauke kaya, Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth ma can ya isa a 1851. A lokacin babu Yerwa, don sai a 1907 aka kafa ta, zamanin Shehu Abubakar Garbai. Kukawa ba ta matsa ko taku ɗaya daga inda take ba. Hanya ce ta kauce mata, mulki ya bi hanya, sai aka wayi gari ana ce da ita nesa. Ashe nisa ba na ƙasa kaɗai ba ne, akwai wanda mutane ke yi da hannunsu.

A zamaninmu kuwa rikicin Boko Haram ne ya ƙara wa nisan nan tsawo. Ran 2 ga Disamba 2013 aka kai hari sansanin mayaƙan sama da ke jikin filin jirgin Maiduguri, aka dakatar da jiragen fasinja, ba su dawo ba sai 2015. A 2014 har masu niyyar Umra aka hana su tashi daga filin, dole suka bi mota zuwa Kano. Damasak ta faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya cikin Nuwamba 2014, Baga da Monguno suka biyo baya cikin Janairu 2015. Ko da aka ƙwato garuruwan, hanyoyinsu a rufe suka zauna, sai a ƙarshen Disamba 2016 Gwamna Kashim Shettima ya buɗe ta Gubio zuwa Damasak da ta Monguno zuwa Baga. Buɗewar ma ba ta zama an sakar wa kowa hanya ba. Ta zama sai a tara motoci a jira rakiyar soja, a tafi a jere, in babu rakiya ran nan a koma gida. Cikin Satumba 2020 ayarin jami'an Gwamna Babagana Umara Zulum aka yi wa kwanton ɓauna a kan hanyar Baga, 'yan sanda da sojoji suka rasa rayukansu. In ayarin gwamna bai tsira ba, ina ga mai Golf da ya ɗauko fasinja 6 da buhun gero? Ko babbar hanyar Damaturu, wadda ita ce igiyar da ta ɗaure Maiduguri da sauran Nijeriya, ba ta kuɓuta ba. Ran 9 ga Fabrairu 2020 matafiyan da aka rufe wa ƙofar shiga gari suka kwana a Auno, kilomita 20 da wani abu daga Maiduguri, aka faɗa musu cikin dare, aka kashe kimanin mutum 30, aka ƙone motoci.

A cikin wannan hali ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo jiragenta na agaji, waɗanda ake kira UNHAS, a ƙarƙashin Hukumar Samar da Abinci ta Duniya. A 2015 aka fara da ƙaramin jirgi mai fiffike tsakanin Abuja da Maiduguri da Yola, a 2016 aka ƙara da masu saukar ungulu, suna zuwa Monguno da Damasak da Dikwa da Ngala da Rann da Bama da Gwoza da sauransu. Ba mai musun amfaninsu. Likitoci da ma'aikatan jinya da alluran rigakafi sun isa wuraren da mota ba ta iya zuwa, an kuma ɗauko majinyata da waɗanda suka ji rauni zuwa asibitocin Maiduguri. Wanda ya raina wannan aiki bai san abin da aka tsallake ba.

Amma fa mu tambayi kanmu, wa ke hawa? Jirgin nan ba na haya ba ne, ba a sayar da tikitinsa a tasha. Sai ma'aikacin ƙungiyar agaji mai rajista, wanda ƙungiyarsa ta rubuta sunansa tun da wuri, kuma jirgi mai saukar ungulu ɗaya ba ya ɗaukar mutane da yawa. Tsohuwar da ke son zuwa sunan jikanta a Damasak ba ta cikin wannan lissafi, haka ɗan makarantar da zai koma hutu Monguno, haka malamin firamare da aka tura Kala-Balge. Jiragen kasuwa ma da ke zuwa Abuja da Ikko daga filin, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, ba na kowa ba ne. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, a shekarar kuwa tikitin zuwa Abuja kaɗai, ban da dawowa, ya zarce wannan kuɗi. Saboda haka in an ce Abuja awa ɗaya ce daga Maiduguri, sai a ƙara da cewa ga wasu. Ga sauran jama'a yini guda ne cur a mota, wani lokaci har da kwana a hanya.

Rann ita ce ta fi kowa ɗanɗana wannan. Ƙasar yankin irin baƙar lakar nan ce da Barebari ke kira firgi, wadda ake dasa masakwa a cikinta in ruwa ya janye. Da rani tauri gare ta kamar dutse, da damina kuwa ko ƙafar mutum riƙewa take yi, balle tayar mota. Ruwa kan malale tsakanin Ngala da Rann wata da watanni, sai dai kwalekwale ko tafiyar ƙasa ko jirgi mai saukar ungulu. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bama-bamai bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na garin, mutum fiye da 100 suka mutu. Ran nan an ga fuska biyu ta gajartar nisan sama: jirgin da ya yi ɓarnar cikin 'yan mintoci ya isa, waɗanda suka ji rauni kuma ta sama aka riƙa kwaso su zuwa Maiduguri kaɗan kaɗan, don babu asibitin da zai iya da su a kusa. Cikin Janairu 2019 da aka sake kai wa garin hari, dubban mutanensa da ƙafa suka tsallaka Kamaru, don a wannan rana ita ce ta fi musu kusa da babban birnin jiharsu.

Abu na biyu, hanyar sama ita ma ba ta da tabbas. Ran 2 ga Yuli 2020 harsashi ya sami jirgin agaji mai saukar ungulu a Damasak yayin wani hari da ya ci rayukan fararen hula, har da ƙaramin yaro, aka ɗan dakatar da zirga-zirga. Da hunturu kuma hazo kan rufe sama har a soke tashi, ko na Abuja ne. Mafi girma duka, kuɗin da ake tafiyar da jiragen nan gudummawa ce daga ƙasashen waje. Cikin Satumba 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa ta tsai da jirginta mai fiffike na tsakanin Abuja da Maiduguri da Yola saboda rashin kuɗi, bayan shekara da shekaru yana aiki. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya sami wancan jirgi yana iya samun masu saukar ungulu ran da masu bayarwa suka gaji, ko wani bala'in ya ɓarke a wata nahiya hankalinsu ya koma can.

Abu na uku shi ne kaya. Arzikin arewacin Barno a kan titi yake tafiya. Bandar kifin Baga da Doron Baga, wadda saboda ita aka san kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri, daga nan ake loda ta zuwa Kano da Anaca da Ikko. Tattasai da barkono da shinkafar bakin kogin Yobe ta Damasak suke fitowa. Shanu da tumaki daga Cadi ta Gamborun Ngala suke shigowa. Tirela ɗaya tana ɗaukar tan 30, jirgi mai saukar ungulu kuwa ko tan 2 ko 3 ya ɗauka ya yi ƙoƙari, ga tsadar mai. Ba a taɓa ciyar da kasuwa ta sama ba. Duk ranar da motar kaya ta kwana tana jiran rakiya, ko ta zagaya ta wata hanya mai nisa, matar da ke cefane a kasuwar Abbaganaram ita ce za ta biya bambancin, masunci da manomi kuma a can su sayar da arha don kada kaya su lalace a hannunsu.

Mutanen Abbaganaram ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan yadda kusa ke zama nesa. A daren 9 wayewar garin 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya mamaye sashe babba na Maiduguri, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Abbaganaram tana cikin unguwannin da mutane suka maƙale, sai da aka shiga da kwalekwale da manyan motocin soja aka fito da su. Filin jirgi yana nan lafiya lau a yammacin gari, manya suna ta sauka daga Abuja don jaje, awa ɗaya ta kawo su. Amma wanda ke kan rufin ɗaki a cikin unguwa, 'yan kilomitocin da ke tsakaninsa da asibiti sun gagare shi. Abin da birni ya gani na 'yan kwanaki, shi Kala-Balge ke gani kowace damina.

Watakila wani ya ce ai laifin masu ɗauke da makamai ne, kuma ba a shimfiɗa kwalta ana harbi. Akwai gaskiya a ciki, don an sha kai wa masu aikin hanya hari, kuma sojojin da ke rakiya 'ya'yan wasu ne, da yawansu sun kwanta dama a kan hanyoyin nan. Amma lakar firgi ta girmi Boko Haram. Tun kafin 2009 ruwa ke yanke Rann, a lokacin kuwa babu mai harbin kowa. Bugu da ƙari, mugun titi abokin mai dasa nakiya ne, don a ƙasa da rami ake binne ta, motar da ke tafiyar hawainiya kuma ita ce saukin tarewa. Gyaran hanya wani sashe ne na tsaro, ba sai an gama ɗaya za a fara ɗaya ba.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Tarayya, wadda manyan hanyoyin Baga da Damasak da Gamboru ke wuyanta, da Gwamnatin Jihar Barno, su duba abu uku. Na ɗaya, a ɗaga hanyar Ngala zuwa Rann, a yi mata kwalbatoci da gadoji yadda za ta biyu rani da damina. Na biyu, tun da an mai da jama'a garuruwansu, kamar Baga a 2020 da Malam Fatori a 2022, a sa ranakun rakiya su zama sanannu ga shugabannin direbobi, a kuma yawaita su, don mai tafiya ya san abin da zai shirya. Na uku, tun kafin masu ba da gudummawa su naɗe tabarmarsu, hukumominmu su tanadi yadda za a riƙa ɗauko mai naƙuda da wanda ya ji rauni daga nesa da kuɗin ƙasarmu. Masu tsara kasafi kuma, in za su auna nisan gari, su riƙa tambayar awa nawa mai motar haya ke yi cikin watan Agusta, don wannan shi ne awon da jama'a suka sani.

Babban jami'in da ya je Damasak cikin minti 45 ya dawo kafin azahar, da wuya ya yarda cewa garin yana da nisa. Muna ba shi shawara wata rana ya je Tashar Baga da asuba, ya biya kuɗin kujera, ya zauna tare da jama'a har mota ta cika. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyoyin nan, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.